Waƙafi Mai Ruwa

Ƙarfe biyu da kwata na dare, hawa na uku, Taminus.
Ruwan Agusta na dukan kwano kamar mai bin bashi.
Ni da shayin da ya huce, da rigar sanyi ta gwanjo,
da allo mai fitilu arba'in da ɗaya,
dukkansu kore.

Mai gadi muke ce wa manhajar.
Shekara shida ba ta runtsa ba.
Ita ke taɓa goshin kowace na'ura ta ji ko da zazzaɓi,
in layin Bukuru ya yanke, ita ke tashina kafin ladan.
Shi ya sa muka damƙa mata makullan gidan duka,
har na ɗakin da albashin mutane ke kwana.

Akwai ɗan gurbi a fuskarta
inda ake rubuta sunan na'urar da za ta je ta gaisar.
Suna kawai.
Wanda ya ƙera ta bai ce mata
ta duba abin da ke bin bayan suna ba.

Wani ya zo.
Bai fasa ƙofa ba, bai haura katanga ba.
Ya rubuta suna cikin ladabi,
ya ɗiga waƙafi mai ruwa,
ya ci gaba da magana.
Ɗigo a sama, 'yar wutsiya a ƙasa.
Malama Kachollom ta koya mana shi a aji huɗu,
ta ce wurin jan numfashi ne, zance bai ƙare ba.
Ashe.

Mai gadi ta kai gaisuwa,
ta kai abin da aka liƙa wa gaisuwa:
buɗe nan, kwaso can, share sawunki.
Ta yi duka da muryarmu.
Ɗan aiken gida, wa ke tambayarsa me ke aljihunsa?

Kwana goma sha tara
fitilun nan suna ce min lafiya lau.

Ba wayona ya tona asiri ba.
Fankar na'ura ta bakwai ce ke gurnani
a sa'ar da ba ta da aikin yi.
Na buɗe kundin ayyuka,
na bi layi-layi kamar mai tsince tsakuwa a acca,
sai ga shi zaune, da wutsiyarsa.

Oga Dalyop ya ɗaga a kira na biyar.
Ya ce, Jafaru, facin da aka aiko tun Mayu fa?
Na ce yana nan, Oga,
kai ka ce a bari sai an gama biyan wata,
ni kuma na ce to.
Wannan to ɗin nawa ne. Ba na raba shi da kowa.

Kakana ya haƙa kuza a Barikin Ladi.
Yakan ce tsohon ramin da ruwansa ya kwanta luf
shi ke cin yaro.

Na zare wayar mai gadi da hannuna,
na sa faci, na sauya makullai ɗaya bayan ɗaya.
Abin da aka kwasa ya tafi, ban san iyakarsa ba.
Gari na wayewa, motocin dankali da kabeji
suna gangarawa Farin Gada,
fitilu suka dawo kore, arba'in da ɗaya.

Suka ce min lafiya lau.
Na ɗumama shayina,
na jawo kujera kusa da fanka,
na kasa kunne.