Abin da Mani Ya Rubuta

Ɗari takwas da arba'in muka dasa
bayan Bunza, gefen hanyar Dakingari:
zogale, turare, 'yan bagaruwa cikin baƙar leda,
darbejiya layi biyu don tare iska.
Ni na ƙirga. Mani ya sa a littafi.

Na yi shinge saboda awakin Kulu.
Na roƙi masu shanu, sun ji, sun kauce.
Na jera ƙaya har ta sha jinin tafina.
Ashe ɓarawon ta ƙarƙashi zai shigo,
kuma bai fi ƙwayar shinkafa ba.

Ɗaya ce ta fara zuwa.
Da hantsi na gan ta, ina ɓare goro,
tana kai da kawowa kamar wadda ta yar da kuɗin cefane.
Ta hau zogale, ta shafa ganye da 'yan ƙahonninta,
ta sauko, ta tafi, ba ta ɗauki komai ba.
Na ce baƙuwa ce.

La'asar sakaliya sai ga hanya.
Hanya fa, sharariya, faɗin yatsa biyu,
ba tsakuwa, ba haki,
ƙaramar hukuma ba ta taɓa yi mana irinta ba.
Masu zuwa hannu rabbana,
masu komawa kowacce da kore a ka,
suna tangaɗi kamar kwale-kwale ya yi lodi ranar kasuwa.
Masu manyan kai suna sama suna yanka,
abin ya faɗo, ƙanana su kwashe.
Ban ji wadda ta ba da umarni ba.
Ban ga wadda ta tsaya neman lada ba.

Darbejiya kuwa, ko kallo.
Sun san ɗaci.
Tsohon ganye ma sai su tsallake shi,
toho suke so, mai laushi, na jiya,
wanda na ɗebo wa ruwa tun daga fadama
garwa biyu a kafaɗa.

Rana tsaka ba kowa.
Sun fi mu sanin zafin ƙasar nan.
Sai inuwa ta miƙe su fito,
ina sallar magariba suna aiki,
ina barci suna aiki.

Na zuba toka, suka kewaye.
Na karɓo baƙin mai a garejin Ɗan'ige,
kwana uku, suka yi gada da gawar 'yan'uwansu.
Sai na bi hanyar, taki saba'in da huɗu,
har gindin wata tsohuwar kalgo,
na ɗaga fartanya.

Rumbu na tarar.
Ɗaki-ɗaki, a bushe, a share:
gero nan, irin ciyawa nan,
ga ganyena an jera,
ga irin da na shuka bai fito ba
na zagi mai sayarwa a banza.
Ƙaiƙayi duk an fitar waje.
Na tsaya da fartanya a sama.
Nawa rumbun tun watan jiya
kaji ke kwana a ciki.

Na sara dai. Aikina ne.
Na juye ruwan zafi, na taka.
Sati bai cika ba suka buɗe wata ƙofa
can gabas, kusa da inda nake ajiye buta.

Jiya jami'i ya zo daga Birnin Kebbi
da takarda mai gidaje-gidaje.
Ɗari shida da sha tara suka rage.
Dalili? Akwai gidan fari, gidan gobara, gidan dabbobi.
Na ce tururuwa.
Ya duba takarda, ya dube ni.
Mani ya karɓi biro ya rubuta: awaki.

Kulu ba ta sani ba tukuna.

Yau da hantsi na ga ɗaya,
ita kaɗai, ba kaya a kanta,
tana shafa ganyen turaren da ke ƙarshen layi.
Na ajiye goron.