Cinyar Zakara

Ranar da Baba Ranau ya yanka jan zakara a gindin jigo
ina tsaye a jikin rumbu, hannu a aljihu,
kamar wanda ya zo aron lauje ya tarar ana rabon gado.

Ya cire hula. Ya tsuguna.
Ya kira sunayen da mahaifina ya hana a ambata a gidanmu
tun shekarar da aka yi masa baftisma a rafin bayan Ƙaraye.
Ya tsiyaya burkutu daga tsohon galan na man gyaɗa,
ƙasa ta shanye, ba ta ce uffan ba.
Yana tsakiyar roƙon ruwa
sai waya ta yi kuka a aljihun taguwarsa.
Ɗansa ne daga birni, wai ya turo kuɗin taki.
Ya ce madalla, ya kashe, ya ɗora daga inda ya tsaya.
Ashe iskoki ma sun iya jira.

Shekara uku na yi a makarantar masu bishara.
Na dawo da amsoshi a ƙulle, dami-dami,
kowace tambaya da igiyarta.
Amma ba wanda ya koya mini
yadda zan yi da hannuna
in Gwaggo Hakama ta miƙo cinya a ƙoƙo
ta ce, ci mana, ɗan ƙanena, duk ka rame.

A can ne na karanta labarin masu bi na farko.
Da na zaci tsarkaka ne da ƙura ba ta taɓa ƙafarsu,
ashe masunta ne, da majema, da mata masu tallar rini.
Ba su da ƙararrawa, ba su da benci,
ɗakin wani suke aro, su kara ƙyaure,
su gutsuttsura gurasa a hasken fitila.
Kuma sun yi cacar baki a kan nama,
har da aika wasiƙu ta jirgin ruwa:
wanda aka yanka wa gunki, a ci ko a bari?
Wasu suka ce gunki icce ne, nama kuwa nama ne.
Wasu suka ce ƙamshinsa kaɗai
yana jan ƙafarsu zuwa gidan jiya.
Na yi dariya a aji, na ce rigimar mutanen da.
Yau ga ta a ƙoƙo, an barbaɗa mata yaji,
tana tururi.

Daga bayan danga Malam Sidi na alwalar azahar.
Ba ya cin yankan Baba Ranau, ba ya cin nawa,
amma shanunsa ne suka yi mana huɗa bara.
Shi ma jiya ya fita roƙon ruwa da mutanensa.
Mu uku, girgije ɗaya muke wa kallon ƙasan ido.

Na gaskata Allah ɗaya ne, kuma ba a gindin jigo yake cin abinci ba.
Wannan ban yi shakka ba.
Abin da ban sani ba,
a ina Yake tsaye sa'ad da tsohuwa ta ware wa maraya
tsoka mafi kyau a tukunya?

Na karɓa da hannu biyu.
Na riƙe har ya huce, maiƙo ya bi yatsuna,
sannan na miƙa wa ƙaramin Tunau da ke laɓe a bayana.
Gwaggo ta gani. Ta kau da kai, ta gyara itacen murhu,
ta ce, akwai tuwon jiya, shi ba a yanka shi ba.

Washegari Lahadi.
Mu goma sha ɗaya ne a ɗakin da kwanonsa ke yoyo.
Limaminmu ya sa albarka, na ɗauki faranti ina zagawa.
Da na kai gutsurena baki
sai na ji yaji a ɗan yatsana,
bayan wanki biyu da sabulu.