Danfon da Ta Ƙi Tafiya

Mako uku ina zana danfo ɗaya.
Rawaya, da ratsi biyu baƙaƙe a gefe,
ƙofa a wangale kamar bakin mai hamma.
Har lotsawar baya na saka mata,
don danfo marar tabo ba 'yar Legas ba ce.

Ta yi kyau. Ta ƙi motsi.

A bene na biyu a Ikeja,
saman shagon masu gyaran waya,
mu goma sha ɗaya, fanka ɗaya.
Malama Folake na zagaya mu da shayin da ya huce,
ta tsaya a kaina ta ce:
Ramlatu, kwamfuta ba ta da kara,
abin da kika rubuta za ta yi,
ba abin da kike nufi ba.

Na rubuta mata: tafi.
Ta tafi, amma da baya,
ta fice ta gefen allo ko sallama babu.
Na bi sawunta cikin lambobi har magariba,
ashe alama ɗaya na ɓata,
ƙarama kamar ƙwayar riɗi.

Washegari ta yi gaba, tayoyi tsaye cik,
tana sulɓi kamar sabulu a bakin rijiya.
Na sa tayoyin juyawa,
sai suka bar motar a nan,
suka nufi Oshodi su kaɗai.
Obinna na kusa da ni ya yi dariya har ya ƙware,
alhali kifinsa ma a saman ruwa yake iyo.

Ran Alhamis aka ɗauke wuta ban adana ba.
Ban yi kuka ba.
Na sauka na sayi gasasshiyar masara,
na tsaya bakin titi ina kallon na gaskiya.
Ashe danfo ba ta tashi farat ɗaya:
sai ta yi tari, ta girgiza,
ta ɗan ja baya
kamar tsohuwa za ta miƙe daga tabarma,
kwandasta na lilo a ƙofa, ƙafa ɗaya a iska.
Shekara nawa ina shigarta
ban taɓa ganinta ba.

A Agege da dare
Kawu Ɗanjuma na tattara agogunan mutane,
gilashinsa ɗaure da zare a kunne ɗaya.
Na ba shi labari, bai ɗago ba.
Ya ce: hannun agogo ba gudu yake ba,
tsayawa yake, ya tsaya, ya tsaya,
ido ne ke ɗinke tsakani.
Ki koyi tsayawar.

Na koma na koya.
Na raba daƙiƙa ɗaya gida-gida
kamar mai kasa tumatir,
nan ta yi tari, nan ta ja baya,
nan hayaƙi ya fita ya baje,
nan ta yi sanyi kafin ta tsaya.
Datar wata guda ta ƙare a kwana tara.

Daren da shafin ya hau intanet
na miƙa wa Kawu wayata.
Ya goge yatsa a riga tukuna,
sannan ya taɓa.
Danfo ta yi hon.
Ya ja hannu da sauri, ya dube ni,
ya sake taɓawa. Ta sake yi.
Sau bakwai.

Ya ce: ina za ta?
Na ce: duk inda ka taɓa.

Ya daɗe yana kallon allon.
Ya wuce gada, ya wuce kasuwa, ya wuce teku,
ya ɗora yatsa can sama,
ta wajen arewa,
inda rabonsa da zuwa shekara goma sha tara.

Motar ta yi tari, ta girgiza,
ta tafi har bakin allo ta tsaya.

Na ce: Kawu, ban zana hanyar can ba tukuna.
Ya ce: to.
Bai ɗauke yatsan ba.