Rumbun Sai An Jima

Leeds, ƙarfe huɗun dare, hita na tari.
Na aro laburaren wani da ban san fuskarsa ba,
na ɗora layi bakwai,
na miƙa mabuɗi.
Ƙofa ta ce: ɗari huɗu da ɗaya.
Ashe harafi guda na yar wajen kwafa.

Da ta buɗe,
ga rumbuna maƙil:
kasidu dubu da ɗari tara,
gyaran famfo, harajin gida,
girkin miyar da Lantana ta turo
tun kafin ta daina turowa.

Gara ba ta taɓa su ba.
Ni ma haka.

Na buɗe na Lantana,
na kai wajen daddawa,
bas ta farko ta wuce.
Na danna: ajiye.