Shuɗin Taswira

Tahani ta shimfiɗa taswira kan teburin da nake murza ƙullu.
Na ce ta bari in kakkaɓe gari, ta ce malama ba ta jira.
Italiya ce kwance, doguwa kamar takalmin shiga ruwa,
an yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace da sunanta.
An ce ta shafa ja inda Misirawa suka yi cincirindo,
ta sassauta hannu inda muka zama tsilli-tsilli.

Baba, Lombardiya ce ta ɗaya, in ji ta.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Sai an buga a takarda kafin in sani?
Leƙa taga, 'yata.
Mai goge matakalar can ɗan Fayyum ne,
mai ɗaure ƙarfe a hawa na bakwai ɗan Fayyum ne.
Rabin ƙauyenmu na Milano,
sauran rabin na zaune gindin dabino suna jiran kuɗin Milano.
Danna alƙalamin, ko da zai huda takarda.

Ta gangara Roma. Na ce tsaya, Abanub na nan,
shekara ashirin da biyu fuskarsa na bakin tanda.
Masu gari na lashe yatsa suna yabon girkin kakanninsu,
shi ko yana murmushi, da ɗan gicciye a wuyan hannu.
Ɗaki ɗaya muka kama da muna sabbin zuwa,
shi ke tashi na sahur, ya koma ya ja bargo.

A Torino goggonki Nabawiyya take,
tana fuskantar duwatsu masu farar hula.
Sau uku sanyi ya kashe mata lalo a tukunya,
na huɗu ya tsira,
ta aiko mana a ƙulle kamar mai aiko zinariya.
Jenowa kuwa Ashur ne, mai ɗauko da saukewa.
Jirage nawa ya loda masu zuwa Iskandariyya,
bai taɓa bin ko ɗaya ba.

Hannunta ya yi kudu, jan ya fara dishewa.
Nan kusan ba kowa, Baba, dubi Sisiliya.
Na ce kudu ƙofa ce, wa ke shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa?
Amma mu da yawa ta nan muka shigo,
ba takalmi, gishiri ya bushe a gira,
muna rawar ɗari cikin bargon da aka yafa mana.

Ta rufe alƙalami, ta ce ta gama.
Ni ko idona na ƙasa, inda shuɗi ya malala.

Marzuƙ, autanmu,
ya taso daga Rashid da dabino cikin leda,
da lambar wayata ɗinke a ƙugun wandonsa.
Shekara goma sha shida wayar na aljihuna,
ban sake lamba ba, ban kashe ta da dare ba.
Inna ta rasu tana ajiye masa cokali.

Na ce saura nan.
Ta ce Baba, teku ba jiha ba ce,
malama ta ce a bar shi yadda yake,
ba a ƙirga kowa a ruwa.

Na tsoma ɗan yatsa a miyar tumatir,
na ɗiga tsakanin gaɓa da gaɓa.
Ban san wurin ba. Na dai ɗiga.

Ta dube ni, ta dubi tabon da zai rage mata maki.
Ta buɗe alƙalami, ta zagaye shi a hankali,
ta rubuta ƙanana da harshen da ban iya karantawa sosai ba.
Na ce me kika sa?
Ta ce mutum ɗaya.

Tanda ta yi zafi, ƙullu ya tashi har ya ɗaga ƙyalle.
Na wanke hannu. Akwai masu jiran burodi da asuba.