Bene Zai Leƙo Tsakar Gida

A filin da Ɗanjumma ke shanyar barkono,
inda tumakin Dubu ke tuƙa da rana,
an kafa allo da hoton gidan da babu shi tukuna:
hawa biyar, ƙofa arba'in,
kowa ya sayi ɗakinsa a iska.

Mu nan Gusau katanga muka sani.
Tawa kamu shida ce, kakana ya ja ta da yumɓu.
Ta ɓoye makewayi, ta ɓoye murhu,
ta ɓoye ranar da ba mu ɗora tukunya ba.
To wa zai ce wa tagar hawa na huɗu
ta sunkuyar da ido?

An ce burtsatsensu zai nutsa ƙafa ɗari uku.
Rijiyata gaba tara ce.
In raƙumi ya sa baki a kasko,
me kaza za ta sha?

Malam Sha'aibu ya tare injiniya:
"Ruwan Agusta fa, ina za ku kai shi?"
Ya ja biro a kan takarda.
Layin ya ƙare daidai bakin zaurena.

Mun taru gindin darbejiya, tun ba a sare ta ba,
masu sa hannu suka sa, masu dangwale suka dangwala.
Ɗana Bashari bai zo ba.
Bulo yake ɗauka a can,
kuɗin yininsa ya auno mana gero.

Na ci tuwon, har na suɗe.
Na ɗaga kai.
Sama na nan tukuna,
sai dai an riga an auna ta.