Yawon Buɗe Ido a Malam Madori

Sahura ta dawo daga Abuja, wayarta a hannu,
Tana shafa gilashi da yatsa, tana nuna mini:
"Kaka, ga babban masallaci, ga coci can tsallake,
Ga dutse mai fuskar mutum, ga ƙofar shiga gari."

Na ce, "To, na gani. Sa takalminki,
Mu ma muna da abin kallo a Malam Madori."

Muka fara da tasha. Ciyawa ta haye dogo,
Awaki sun kwanta a inda fasinja ke jiran jirgi.
Ta ɗaga waya, ta sauke, ta ce, "Me zan ɗauka?"
Na ce, "Ɗauki tagar can mai ƙarfe uku,
Nan Uzoma ke miƙo tikitin Kano da na Nguru,
Ibo ne, amma in ya buɗe baki da karin magana
Sai Bahaushe ya sosa ƙeya ya koma nazari."

Gaba kaɗan, ga dakalin sikeli, ya tsattsage.
A nan wani Kwara, Salim, yake awon gyaɗa,
Yana rantsuwa da Larabci, yana zagi da Hausa.
Ubana ya yi masa dako shekara goma sha ɗaya,
Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka
Har ranar da muka kai shi kabari.

Sahura ta ce ƙafarta na ciwo.
Na saya mata fura wajen jikar Inna Dudu,
A gindin tsamiyar da kakar take ajiye ƙwarya.
Muka zauna. Ba abin da ya wuce sai wani mai kura,
Jarkokinsa na zuba, yana ta sauri.

Na nuna mata lungun Barebari masu kanwa,
Inda Kolo ke kiran ubana bawansa, su yi dariya,
Da rumfar Ajadi, Bayarabe mai gyaran agogo.
Agogon garin nan duk ta hannunsa suka bi,
Shi kuwa bai taɓa zuwa ɗaurin aure kan lokaci ba.
Yanzu wurin caji ne, yara sun cika shi,
Ba wanda ya san sunansa a wurin,
Sai ni, da wani agogo da ya tsaya mini a aljihu tun bari.

Ta ce, "Kaka, a can akwai allo a jikin kowane gini,
An rubuta shekara, da wanda ya gina.
Nan fa?"
Na ce, "Nan allon yana tafiya da sanda,
Yana tari, kuma ba shi da haƙori."

Da la'asar muka koma gida.
Na jawo adakar uwata, na kwance wani ƙyalle,
Mabuɗi ne, ɗan ƙarami, ya yi tsatsa.
Shekarar da gari ya rikice, ina ɗan tara,
Ubana ya kwantar da Uzoma tsakanin buhuna,
Kwana biyu ina kai masa koko a ɓoye.
Daren da zai hau jirgi ya danƙa wa ubana wannan,
Ya ce, "Riƙe mini, ɗakina ne, zan dawo da wuri."

Ɗakin ya rushe tun kafin a haifi uwarki.
Ban sani ba ko ya isa gida.

Sahura ta juya shi a tafinta, ta daɗe.
Ba ta ɗaga wayar ba.
Sai ta ce, "In ka rasu, wa zai riƙe?"
Na ce, "Tashi ki ɗebo mini ruwan alwala,
Ki mayar da shi ƙyallensa, ki ƙulle da kyau,
Kin dai ga inda adakar take a wuri."